Saƙon Inna Delu Zuwa Ga Tukur Gwanin Karta

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha takwas ga watan Yuni, 1975, ina tsaye a bakin injin ɗab'i a wurin aikinmu, hannuna duk tawada, sai ƙanenka Ila ya faɗo ba ko sallama. Ya ce wata babbar mota ta kaɗe ka a kan babur wajen Kawo bayan azahar, kafin a kai ka asibiti rai ya yi halinsa. Tukur, abokina, maƙwabcina na Unguwar Shanu, kafin magariba mun baro ka a makwancinka. An yi sadakar uku an watse, amma ni Hamisu har yau hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba zan yi maka ƙarya a bayan ranka ba. Sana'arka karta ce, irin ta Turawa da ake kira foka, da ita kake ci kake sha, kuma duk wanda ya san ka a Kaduna ya san haka. Malamai sun ce caca haramun ce. Gaskiya suka faɗa, kai ma ban taɓa jin ka musa ba. Waɗanda suka tsaya a bayan sahu ranar jana'izarka suna ƙunƙuni na gan su, na kuma san waɗanda suka sha lashe kwanon gidanka a cikinsu. Su je, don kansu. Ni abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Kana saurayi ka kama aikin boyi a kulob ɗin Turawa, kana kai musu abin sha kana satar kallon hannuwansu. Da wani Bature zai koma ƙasarsu, ya bar maka waɗansu littattafai a kan dabarun wasan. Turancinka na baki ne, bai kai na takarda ba, sai ka kawo mini. Haka muka shafe shekaru, duk Lahadi da hantsi a gindin mangwaron ƙofar gidanku, ina karantawa ina fassarawa, kai kuma kana lumshe ido kana cewa, "Sake maimaita wurin nan."

Mutane za su yi mini dariya, amma zan faɗa: littattafan nan sun fi magana a kan haƙuri fiye da karta. A ciki muka karanta cewa kada mutum ya zauna wasa yana cikin fushi. Kada ya bi abin da ya rasa da gudu don ya fanshe. Ya yi ta ajiye kartarsa ba kunya muddin ya ga hannun ba na ci ba ne, ko da ana yi masa ba'a. Ya kalli mutum, ba takardar da ke hannun mutum ba. Ni da ban taɓa riƙe karta ba na amfana da su a wajen aiki da zaman gida. Kai kuwa ka haddace su ka zarce su, don abin da marubutan suka yi shafuka suna bayani, kai da ƙiftawar ido kake gane shi.

Sau ɗaya ka yarda na bi ka, wata Asabar da la'asar, gidan wani Kwara mai sayar da yadi. Tun da aka zauna kake ajiyewa, har wani ɗan kwangila ya ce ko barci ka zo yi. Ka ci gaba da ajiyewa. Can Kwaran ya yi zubi mai nauyi yana harare-harare, kowa ya janye, kai kaɗai ka bi shi. Da aka buɗe, ashe burga ce, babu komai a hannunsa. Ka kwashe zubin duka. A hanya na tambaye ka yadda aka yi, ka ce tun farkon zama ka lura in ba shi da komai yakan murza zobensa. Ranar na san ina tafiya da gwani.

Gwanintar ba ita kaɗai ta sa na ƙaunace ka ba. Ba ka taɓa wasa da ƙaramin ma'aikaci ba. Na san masinjan da ya zo maka da albashinsa a ƙarshen wata, ka ƙi a raba masa karta, ka raka shi har bakin titi kana yi masa faɗa kamar ɗan cikinka. Ya zage ka ranar. Shi ne kuma na gani yana kuka a bakin kabarinka.

To, ga abin da ya hana ni sakat.

Mahaifiyarka, Inna Delu, tana zaune a Hayin Banki wajen Ila. Tun ranar da ta ji abin da kake yi, ta mayar maka da buhun dawar da ka aika, ta ce ba za ta ci daga caca ba. Ba ka yi jayayya ba. Ka je Rafin Guza ka kama lambu, kana ban ruwa da hannunka da sassafe, don abin da zai shiga tukunyarta ya zama guminka ne. Wannan ta karɓa. Duk Juma'a bayan masallaci kakan je ka durƙusa a ƙofar ɗakinta ka gaishe ta, ta amsa a taƙaice, fuska ba yabo ba fallasa, ka tashi ka tafi. Na sha ce maka, "Tukur, shiga ciki ka roƙe ta gafara mana." Kullum amsarka ɗaya ce: "Hamisu, na duba fuskarta. Hannun nan ba na ci ba ne. Bari in bar teburin karta tukuna, sannan in shiga." Kana ta shirin bari, ajali ya riga ka.

Da aka gama yi maka sutura aka shigo da mata su yi bankwana. Matarka Safiya ta yafe maka cikin kuka, 'yan'uwa suka yafe. Inna Delu ta zauna a gefen makara, ta rufe fuska da mayafi, har aka ɗauke ka ba wanda ya ji ta ce uffan. Kafin mu dawo daga maƙabarta magana ta zaga unguwa, wai Tukur ya tafi da fushin uwa. Wannan magana ta fi mini mutuwar ciwo. Laifin da ke tsakaninka da Ubangijinka, Shi mai gafara ne. Amma fushin uwa fa? Abinci ya ƙi shiga bakina.

Shekaranjiya na kasa daurewa, na tafi Hayin Banki. Na same ta a kan tabarma da carbi. Bayan gaisuwa na rasa ta inda zan fara, ita ce ta fara.

"Hamisu, abokin naka, da gaske ya iya abin nan?"

Na ce, "Inna, duk garin nan ba kamarsa. Fuskar mutum kawai yake kallo ya san abin da ke ransa."

Ta ce, "To ni me ya hana shi ganin tawa? Ɗan fari ne. Ni ce zan kira shi in ce zo na yafe maka? A ina aka taɓa yi? Tun ranar da ya aiko da alayyahon farko na yafe masa. Duk Juma'a ina cewa yau zai tsallako ƙofar nan ya tambaya."

Na ce ai mutane sun ce ta ƙi magana a kan gawa. Ta ce ta buɗe baki muryar ta ƙi fita, kafin ta dawo an ɗauke ka.

Haba Tukur! Kai da ka karanta Kwara da Bature, ka gano burgar manyan 'yan kwangila, ka kasa gane kunyar uwar da ta haife ka. Ka ɗauki kawaicinta fushi ne, ka ajiye hannun da tun farko naka ne. Har gobe ina yabon littattafan nan, amma babu babi ko ɗaya a cikinsu a kan uwa Bahaushiya da ɗanta na fari.

Da zan tafi ta riƙe gefen rigata, ta ce ita mace ce, ba ta zuwa maƙabarta, in je a madadinta in faɗa maka. Jiya da safe na je. Ruwan sama ya kwantar da ƙasar kabarin. Na durƙusa wajen kanka na faɗa da ƙarfi yadda ta ce: ta yafe maka duniya da lahira, nonon da ka sha halal ne. Na jira, ban san abin da nake jira ba, sannan na tashi na tafi wurin aiki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Delu, da Safiya, da 'ya'yanka Sulaiman da Hasana, da Ila wanda nauyi ya koma kansa. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya raya abin da ya bari a kan tafarki na gari. Masu yaɗa magana a Unguwar Shanu kuma, ga gaskiya kun ji, sai ku kama bakinku.

Ya Allah, ga bawanKa Tukur. Ka san abin da ya yi a teburi, Ka kuma san abin da ya yi a lambu. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ya Allah, saƙon mahaifiyarsa kuma Kai za Ka isar masa, don ni iyakata bakin kabari.