Jan Agogon Ajinmu

A shekarar da kogi ya cika ya cinye mana gonar albasa na fara aiki a wata makarantar ƙananan yara a nan Wudil, damina biyu kafin cutar da ta sa aka rufe makarantu. Ban taɓa zama a aji ba, wannan ma jikata ce ke rubuta mini. Amma na raini 'ya'ya tara, babu wanda zai koya mini riƙon yaro.

Yawancin iyayen yaran a jami'a suke aiki. Ni aikina wanke hannu, share hanci, kai yaro bayan gida. Da hantsi kuma malamar ajinmu, wata matashiya mai goyo, takan fita ta shayar da jaririyarta, ta bar mini yara su ci abinci na minti ashirin. Daga nan sai malamin Alƙur'ani ya shigo.

Akwai agogo a bango, amma ni ban san karatunsa ba, kuma ban faɗa wa kowa ba. Inuwar ƙofa nake bi. Akwai wata tsaga a simintin ɗakin, idan inuwa ta kusa taɓa ta sai in ce a rufe kwanuka. Duk rani ban taɓa kuskure ba.

Sai damina ta faɗi. Wata Talata hadari ya rufe gari, babu rana balle inuwa. Na yi ta jira, yara suka cinye abinci suka koma wasa da murafen kwanuka. Malamin Alƙur'ani ya leƙo sau biyu, ya ga shinkafa a kan tabarmi, ya juya. Shugabar makaranta ta zo da kanta.

"Iya, ba ga agogo a bango ba?"

Na ce idona ne ba ya gani da nisa. Ƙarya na yi, a lokacin ina zura zare a allura ba tabarau. Ta ce idan haka ta sake faruwa, kafin ƙarshen zango za ta nemo wadda ke ganin agogo. Na koma gida na kasa cin tuwo. Mijina ya rasu, 'ya'ya sun watse, waɗannan yaran ne ke sa in tashi da safe in ɗaura zane mai kyau.

Ran Litinin malama ta zo da wani abu kamar murfin ƙaramar tukunya, ta jingine shi a kan tebur. Idan aka murɗa shi sai fuskarsa ta yi ja, jan ya riƙa raguwa a hankali, in ya ƙare ya yi ƙara. Ba ta dube ni ba. Yara ta gaya wa cewa ta gaji da tambayarsu ta ko lokaci ya yi, daga yau kowa ya kalli ja da idonsa. Sannan ta ce abin yana buƙatar mai riƙo, kuma babu babba a ajin sai ni. Ta kama hannuna muka murɗa tare, har inda ta ɗiga jan farce a gefe.

Cikin kwana uku na raba jan nan yadda nake so. In ya rage kamar yankan kankana, a rufe kwanuka. In ya koma kamar ɓarin lemo, a yi layin wanke hannu. In ya zama siriri kamar jinjirin wata, a naɗe tabarmi. Wata yarinya mai jan jiki wajen ci, wadda a da sai na yi ta lallashi, ta koma gaya mini da kanta cewa kankana ta kusa.

Shugaba ta shigo wata rana ana tsuga ruwa, ta tsaya a bakin ƙofa. Abin ya yi ƙara, ɗaki a share, yara a zaune, malamin Alƙur'ani yana cire takalmi. Ƙarshen zango sai ta sayo wa ajin kusa da namu irinsa, ta ce in je in nuna wa mai rainon can yadda nake yi.

Sai da aka shekara na iya buɗe baki na gaya wa malama cewa idona lafiyarsa ƙalau. Ta yi dariya tana gyara goyo.

"Iya, tun makon farko na sani. Kowa na kallon bango, ke kina kallon ƙasa."

Na ce to me ya hana ta faɗa. Ta ce ai ban tambaye ta ba.

Shekara biyar na ƙara a ajin, sai gwiwa ta zaunar da ni. Malamin Alƙur'ani ya rasu, Allah ya jiƙansa. Shugaba tana nan, ta yi ritaya. Mai rainon ajin kusa tana Indabo wajen ɗanta. Malama kuwa tana koyarwa har yanzu, duk Sallah sai ta zo gaishe ni da jaririyar nan, wadda yanzu ta kai ni kafaɗa. Allah ya rufa mata asiri kamar yadda ta rufa nawa.