Kujerar Hafsat

Har yau ban manta da ranar da aka kira ni ofis a kan maganar Hafsat ba. A lokacin ni ce jami'ar tattara bayanai a wata makarantar firamare a Washington, irin wadda gwamnati ke ɗaukar nauyinta amma masu zaman kansu ke gudanarwa bisa yarjejeniya. Sharaɗin kuwa, komai a faifai: sakamakon jarrabawa, zuwan yara, har wanda aka kora, duk sai an miƙa wa hukumar sa ido ta wallafa. A wannan shekarar kuma za a duba ko a sabunta mana yarjejeniyar.

Hafsat 'yar aji huɗu ce, iyayenta Katsinawa. Kakanta ya rasu, uwar ta kwashe ta suka tafi gida, ta ce sai bayan sadakar arba'in. Kowace safiya ina rubuta mata fashi, ga shi alƙalumanmu dama ba su da kyan gani.

Mataimakin shugaba, mutum mai wayo kamar zomo, ya kawo dabara: a cire sunanta daga makarantar, fashin ya daina hawa kanmu. Doka ba ta hana ba. Sai dai da ƙuri'a ake shiga makarantarmu, kuma yara na jira a layi. Ana cire ta, kujerarta ta tafi ke nan.

Shugabarmu, Madam Greene, ta dube ni. “Binta, mutanenki ne. Za su dawo?”

Na ce, “Madam, za su dawo. A wurinmu ba a binne uba a juyo washegari.”

Ta ce, “To, rubuta kowace rana yadda take. Ni zan je in yi bayani.”

Haka aka yi. Aka wallafa alƙaluman, muka sha kunya, wasu iyaye har suka bugo waya suna faɗa. A gaban hukuma Madam Greene ta tsaya ta amsa tambayoyi ba kwana-kwana. An sabunta mana, amma da gargaɗi da sa ido na musamman. Wallahi tun daga ranar matar nan ta shiga raina.

Da Hafsat ta dawo, kai tsaye ta wuce ajinta ta zauna, ba ta ma san an yi ba.

Ku da kuke sababbi a aikin nan, ku riƙe wannan: lamba mai kyau ba wuyar samu gare ta ba. In kun ga ta yi kyau farat ɗaya, ku tambaya wane yaro aka cire.