Kuramen Adaidaita Sahu

Wata rana, a makon da aka sake ƙara kuɗin mai, na tsaya a bakin titi ina jiran adaidaita sahu, raina a ɓace.

Motata tana gida lulluɓe da tamfol. Kajin maƙwabta sun mayar da ƙarƙashinta masauki, ni kuma na dawo tsayuwar bakin titi da ɗaga hannu.

Da ƙyar na samu wani ya tsaya.

A baya akwai wani dattijo rungume da tukunyar gas. Na shiga tsakiya na zauna, saura gurbin mutum ɗaya.

Gaba kaɗan wasu magidanta biyu suka tare mu. Ɗaya ƙato, ga tumbi, ga babbar riga ta sha guga. Ɗayan siriri kamar tsinken tsire.

Ba su yi sallama ba, ba su faɗi inda za su ba. Siririn ya nuna gaba da hannu, sannan ya ɗaga yatsa ɗaya.

Direba ya ce, "Ku biyun, kujera ɗaya?"

Suka gyaɗa kai tare.

Siririn ya shiga ya zauna. Ƙaton ya tattare babbar rigarsa, ya ɗare kan cinyarsa.

Jama'a, na sha ganin ɗalibai suna ɗaukar juna a cinya don su biya kuɗin mutum ɗaya. Amma magidanta masu furfura a gemu, ban taɓa gani ba sai da aka cire tallafin mai.

Na ce, "Bayin Allah, ai da kun juya, siririn ya hau sama."

Shiru. Ko kallona ba su yi ba.

Na ce a raina, Allah sarki, ashe kurame ne. Har na ji kunyar kaina.

Muka ci gaba da tafiya. Direba ya kunna rediyo, sai ga maimaicin shirin siyasa na jiya.

Ga wanda ba ɗan garinmu ba: muna da sojojin baka, mutanen da 'yan siyasa ke biya su shiga rediyo su kare su, su kuma ragargaji abokan hamayya. A kan maganar man fetur, guda biyu ne suka addabi gari. Ba zan faɗi sunayensu ba, ko na rediyon. Bari mu kira su Katanga da Guduma.

Katanga na gwamnati ne. Muryarsa a sanyaye take, kuma duk abin da aka ce masa, amsarsa ɗaya ce: "A yi haƙuri, gyara ake yi."

Guduma na adawa ne. Shi da ihu yake farawa, ya ƙare da: "Jama'a, ku yi mana alƙalanci!"

Kowa ya san muryarsu. Fuskarsu kuwa, ban taɓa jin wanda ya ce ya gani ba.

Katanga yana cewa a rediyon, "Tallafin nan ba talaka ke ci ba, 'yan fasa-ƙwauri ne ke kwashe man su tsallaka iyaka da shi."

Guduma ya katse shi, "Ƙasar da ke haƙo mai, a ce ɗanta ya koma tafiyar ƙasa? Wallahi ranar da na haɗu da Katanga ido da ido, sai an raba mu!"

Direba ya buga sitiyari. "Faɗa musu, namiji! Faɗa musu!"

Dattijon ya yi tsaki. "Hayaniya ce kawai. Katanga ne mai ilimi."

Direba ya ce, "Baba, to wannan tukunyar ina za ka kai ta?"

"Sayarwa zan yi."

"Saboda me?"

"Mun koma gawayi. Amma ai gyara ake yi."

Nan fa musu ya kaure. Direba yana juyowa baya yana nuna yatsa, adaidaita tana tafiya da ikon Allah. Dattijo yana ɗaga tukunya kamar zai rotsa masa ita. Ni ina tsakiya ina karɓar yawun kowa, ina tsine wa ranar da na lulluɓe motata.

Kuramen nan kuwa sun kafe titi da ido, gumi yana tsiyaya daga goshinsu.

Direba bai ga ramin ba.

Muka afka ciki, muka yi sama, muka dawo. Ƙaton ya tashi har kansa ya daki rufi, sannan ya sauko gaba ɗayansa a kan cinyar siririn.

Sai kurma ya yi magana.

"Wayyo ƙafata! Jama'a, ku yi mana alƙalanci!"

Ƙaton ya ruɗe, yana ƙoƙarin muskutawa. Sai shi ma bakinsa ya kuɓuce, a sanyaye:

"A yi haƙuri, gyara ake yi."

Direba ya taka birki.

Ya kashe rediyo. Ya sake kunnawa, ya saurara. Ya kashe. Sannan ya juyo a hankali ya dubi siririn.

"Kai ne Guduma?"

"Ni ne."

"Wannan da ke kanka fa?"

"Katanga ne."

"Ba kai ka ce ranar da kuka haɗu sai an raba ku ba?"

"To ai ga shi. Don Allah ku raba mu, ƙafata ta mutu."

Ni dai dariya ta kama ni har na sarƙe. Amma direba bai yi dariya ba.

Ya gangara gefen titi, ya fito da wayarsa ya saita su, ya fara ɗauka.

"Yau sai duk garin nan ya gan ku. Daga nan tashar 'yan adaidaita zan kai ku, a haka, kar wanda ya motsa."

Sai ya ɗaga leɓensa na sama da yatsa. Babu haƙori ɗaya a gaba.

"Ka ga wannan giɓin, Guduma? A teburin mai shayi na rasa shi, ina kare ka. Ilu ne ya cire min, abokina tun muna yara, don na zagi wannan ƙaton. Tun ranar ko gaisawa ba ma yi. Ashe ku kuna nan kuna goyon juna!"

Dariyata ta tsaya.

Katanga ya sauko da ƙyar, ya durƙusa a bakin adaidaita, babbar riga tana sharar ƙasa. Muryar nan da ke ba gari haƙuri, yau ita ke roƙo.

"Malam, ka rufa mana asiri, Allah ya rufa maka. In hoton nan ya fita, kafin la'asar iyayen gidanmu sun sallame mu. Ba mu da wata sana'a. Da bakin nan muke ciyar da iyali."

Dattijon ya ce, "To ina motocinku? Ni na ɗauka a jibga-jibgan motoci kuke yawo."

Guduma yana murza cinya ya ce, "Wace mota, Baba? Babur ne da ni, na sayar. Shi ma ya sayar da nasa. Layinmu ɗaya, gida yana kallon gida. Abin da ake ba mu ba ya kai mu gidan rediyo ya dawo da mu, sai muka haɗa. Shi ya sa in mun shiga abin hawa ba ma magana."

Na ce, "Duk na ji. Amma me ya sa ƙaton ne a sama?"

"Karɓa-karɓa muke yi, Malam. Yau ranarsa ce."

Direba bai sauke waya ba. Ya ce, "Iyayen gidan naku sun san kuna tare?"

Suka kalli juna.

Katanga ya ce, "Su ai ba su da lokacinmu. A ina ka sha mai yau da safe?"

Direba ya faɗi gidan man.

"Nasu ne. Su biyun, haɗin gwiwa. Uban gidana ne ya kawo fili, nasa ya kawo tankoki."

Wallahi maganar nan ta taɓa ni. Haushi ne ko tausayi, har yau ban tantance ba.

Dattijon ya sunkuya ya daɗe yana kallon tukunyar gas ɗinsa. Bai ce gyara ake yi ba.

Direba ya tura harshe cikin giɓinsa. Ya kalli ƙaton da ke durƙushe, ya kalli siririn da ya kasa miƙe ƙafa. Ya kalli takalmansu. Ni ma sai a lokacin na lura: duk ƙyallin rigunan nan, takalman sun sha ɗinki har sun gaji.

Ya ce, "'Ya'yanka nawa, Guduma?"

"Shida."

"Kai fa?"

"Takwas, da marayun ƙanena."

Ya ja dogon tsaki, ya danna wayar, ya juyo da ita ya nuna musu ya goge.

"Ku shiga mu tafi. Amma ba karɓa-karɓa a motata. Ƙato a ƙasa."

Haka aka yi. Guduma ya ɗare cinyar Katanga, har da gyara hula.

Da muka kusa gidan rediyon, direba bai tsaya a ƙofa ba. Ya zagaya ta wani lungu a baya, inda babu kowa.

"Kai siriri, fara shiga. Kai kuma ka ɗan jira tukuna, kar a gan ku tare."

Suka miƙo kuɗin kujera ɗaya, ya karɓa. Ba ya cikin masu yafe kuɗin mota a wannan zamanin, kuma ban ga laifinsa ba.

Muka kama hanya, mu uku.

Ba a jima ba ya miƙa hannu ya kunna rediyo. An fara shirin kai-tsaye.

Sai ga Guduma da ƙarfinsa: "Wannan Katangan, a ƙoshe yake! Bai san abin da talaka ke ciki ba! Ya danne mu, ya hana mu numfashi!"

Katanga ya amsa a sanyaye, "Ni ban ma san kamanninsa ba."

Dattijon ne ya fara fashewa da dariya. Direba ya biyo baya. Ya yi ta dariya har ya kifa kai a sitiyari, da ya ɗago kuwa idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Haƙorina dai ya tafi a banza."

Ya rage muryar rediyon, ya lalubo wata lamba a wayarsa. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

"Ilu? Tasi'u ne. A'a, lafiya lau, ba wanda ya mutu. Kana wajen mai shayi da yamma? To ka ajiye min wuri a bencin."

Darasi:

Kafin ka fasa bakin ɗan'uwanka a kan kuɗin mai, tsaya ka tambayi kanka: wa ke sayar da man, wa ke ihu a kansa, wa kuma ke zubar da haƙori?

Ka yi ra'ayinka, ka faɗe shi da ƙarfi, ka yi zaɓenka. Tsadar nan gaskiya ce, kuma tambayar shugabanni haƙƙinka ne. Amma wanda kake shirin shaƙewa a teburin mai shayi, layi ɗaya kuke bi a gidan mai, gawayi ɗaya matanku ke hurawa. Ranar da ka kwanta ciwo, shi zai zo duba ka, ba mai gidan man ba.

Masu cika min akwatin saƙo kuna tambayar ainihin sunayensu, ku huta. Direba mai giɓi ya rufa musu asiri, ba ni zan tona ba.

Idan akwai wani Ilu a rayuwarka da siyasar fetur ta raba ku, tura masa wannan. In ya yi dariya, ka kira shi. Sauran kuma ku yaɗa shi ya kai teburin mai shayin unguwarku.