Wasiƙar da ta tashi rumfunan bakin kwalbati

Unguwarmu tana can gefen Jibiya, kan hanyar Magama, inda gidaje suka fara cin gonaki. Lokacin da na tare a can da iyalina babu kasuwa kusa, sai rumfunan bakin kwalbati. Rumfuna ne na kara da tsohon kwano, a jere ƙarƙashin darbejiya. Akwai mai injin markaɗe. Akwai wata tsohuwa da ke zuwa daga Farfaru da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Akwai wani mutumin Maraɗi mai taliya da sabulu da ashana, wanda ke kiran teburinsa butik, yana karɓar naira yana karɓar sefa, kuɗin Nijar. Sai kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai kayan miya. Kullum da sassafe yakan ɗauko tumatir da tattasai da albasa daga lambunan bakin dam, ya kasa su ƙanana da manya, kowa ya saya daidai ƙarfinsa.

Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, kuma shi ya kama hannuna ya kai ni makaranta. Da na zama malamin makaranta sai ya daina kiran sunana, ya koma ce mini Malam, ko mu biyu ne kawai.

Wani Alhaji ɗan garinmu da ke zaune a birni ya sayi filin da ke bayan rumfunan. Wata rana bayan la'asar mai unguwa ya tara mu a ƙofar gidansa. Wakilin Alhajin ya zo da wani babban hoto ya jingina da bango: bene mai gilashi, ga motoci a gabansa, ga mata sanye da kaya masu kyau suna fitowa da ledoji. Ya ce filaza za a gina mana, irin ta birni, mu huta da zuwa cikin gari. Abin da ake buƙata kawai shi ne a tashi rumfunan, don sun tare gaban filin. Ya ce a bayan ginin za a yi ƙananan shaguna, da famfo da makewayi, a ba masu rumfunan su zauna.

Ni ne sakataren ƙungiyar unguwa, don ni ke iya rubuta Turanci. Aka ce in rubuta wasiƙa zuwa ga hukuma cewa mutanen unguwa sun amince, masu rumfuna ma sun amince. Na tambayi wakilin ko in sa maganar shagunan baya a ciki.

Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ba sai an cika takarda da surutu ba. Magana ce ta manya, gaban mai unguwa aka yi ta."

Ban musa ba. Gaskiya ita ce hoton ya tafi da ni. Ina son in ga unguwarmu ta zama wuri, abokan aikina su daina ce mini na koma daji. Na zauna na tsara wasiƙar, har ina jin daɗin yadda Turancin ya fita.

Da na kai wa Kawu ya sa hannu, yana cikin yayyafa wa tumatir ruwa. Ya goge hannunsa a rigarsa, ya dubi takardar da ba ya iya karantawa.

Ya ce, "Malam, namu na ciki?"

Na ce, "Kawu, an yi magana gaban mai unguwa."

"Ba shi na tambaye ka ba. Na ce namu na ciki?"

Na ce masa kada ya damu, ina tsaye a kan maganar. Sai ya miƙo babban yatsansa. Sauran masu rumfunan kuwa ko tambaya ba su yi ba. Da suka ga Kawu ya dangwala, kuma ɗan 'yar'uwarsa ne ya kawo takardar, sai suka bi layi. Tsohuwar Farfaru har albarka ta sa mini.

Da hannunsu suka kwance rumfunan. Ba wanda ya zo da katafila. Kawu ya ba ni kwanonsa ya ce in yi wa kaji akurki. Bayan kwana biyu aka sare darbejiyoyin.

Ginin ya ci damina biyu. Duk tsawon lokacin masu rumfunan suna tsallaken titi cikin rana, kowa da buhun da ya kafa a kan sanduna. Mai injin markaɗe bai sami inda zai kafa injinsa ba, ya kwashe ya koma cikin gari. Daga nan matata ta koma jajjage a turmi, ranar da ake son markaɗen wake kuwa sai an hau ɗan acaba da bokiti a cinya. Ga shi mai ya yi wuya a wajenmu tun da aka rufe gidajen man da ke kusa da iyaka, kuɗin zuwa da dawowa ya fi na markaɗen. Idan ta yi magana sai in ce ta yi haƙuri, an kusa gamawa.

Aka gama. Aka yi buɗewa da rumfar tamfol da kujerun roba da lemon kwalba. Bayan an watse na zagaya bayan ginin don in ga shagon Kawu. Na tarar da ƙofofin ƙarfe manya guda huɗu, kowace da kwaɗo. Ba taga, ba famfo. Wani lebura da ke share siminti ya ce mini sito ne, na ajiye buhuna, tun kafin a ɗora rufi aka kama su.

Na juya na fito.

Gaban ginin kuwa, shagon wayoyi biyu, mai cire kuɗi da na'ura ɗaya, wani na turare da mayafai, sai babban kanti mai ƙofar gilashi. Saman bene duk a rufe, har yau ma a rufe yake. Ranar Asabar muka shiga kantin da matata. Mai gadi ya tare ta ya ce ta ajiye jakarta a ƙofa, kamar wadda ta zo sata. A ciki ga biskit kala-kala, ga madarar gwangwani, ga man shafawa, ga tumatirin leda. Babu albasa ko ɗaya. Komai a ƙunshe yake, ba a ɓarewa, ba a aunawa, ba ciniki. Matar da ke da kuɗin gishirin miyar yau kaɗai ba ta da abin saya a wurin. Matata ta tambayi mutumin da ke zaune a bakin na'urar karɓar kuɗi ko suna da daddawa. Ya ɗago ya dube ta, ya ce, "Hajiya, nan ba kasuwar ƙauye ba ce."

Sai da muka fito ta karɓi jakarta, sannan ta ce mini, "To, Malam, ga birninka nan."

Na je wurin mai unguwa. Ya ce shi ma abin bai yi masa daɗi ba, amma mai ƙasa shi ke da iko da ƙasarsa, a yi haƙuri. Na je wurin wakili sau uku, kullum ya fita. Sai da Alhajin ya zo hutun Sallah na same shi a falonsa, mutane cike suna gaisuwa. Na jira aka ragu. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na tuna masa alkawarin shagunan baya.

Ya ce, "Wane alkawari?"

Na ce wanda wakilinsa ya yi a gaban jama'a.

Ya sa aka ɗauko masa wani fayil. Ya zaro kwafin wasiƙata ya miƙo mini. "Malam, wannan hannunka ne ko ba hannunka ba ne?"

"Hannuna ne."

"To karanta mini inda aka ce shago. Kai ne mai ilimi, ni ɗan kasuwa ne."

Na ce, "Alhaji, kai ma ka san an faɗa. Tsofaffi ne suka kwance rumfunansu da hannunsu saboda maganarka. Wanda ya sayar wa mahaifiyarka albasa yana can tsallaken titi rana na dukansa."

Wani ya ce mini in ji tsoron Allah, ranar Sallah ce. Alhajin bai ɗaga murya ba. Ya ce a ɗauko buhun shinkafa a sa mini a babur in kai wa tsohon, ya yi Sallah da shi. Na ce ba bara ta kawo ni ba. Na tashi na fita ko sallama ban yi ba, na tayar da babur.

Na wuce kai tsaye wurin Kawu na ba shi labari, ina tsammanin zai ce na kyauta. Ya saurare ni har ƙarshe.

Ya ce, "Shinkafar fa?"

Na ce na ƙi karɓa.

"Da izinin wa? Tawa ce ko taka?" Ya juya wani tattasai da ya fara laushi ya ɓoye gefen da ya lalace. "Kai mai albashi, kai ke da halin fushi. Ranar da ya kamata ka yi gardama ba ka yi ba. Yau da aka ba ni abin da zan ci, ka tashi ka yi mini zuciya da shi."

Ban taɓa jin magana ta shige ni irin wannan ba. Na rasa wanda zan fi jin haushi, Alhajin da ya yi ƙarya, ko mai unguwar da ya zauna aka yi ta a ƙofar gidansa, ko ni da na san amfanin rubutu fiye da duk wanda ke wurin amma na bar layi ɗaya ban rubuta ba.

Ba a daɗe ba aka kori masu rumfunan daga tsallaken titin ma, wai suna ɓata wa filaza fuska. Tsohuwar Farfaru ta daina zuwa, na ji an ce tana kai kayanta garin Kusa. Mutumin Maraɗi ya ɗaure teburinsa a kan mota ya tsallaka gida. Kawu ya sayi baro. Mutum mai furfura, gwiwoyinsa na ciwo, yana tura tumatir lungu-lungu cikin yashi. Wata rana ya tsaya a inuwar ginin don ya huta, mai gadin nan ya fito ya ture baron da ƙafa, tumatir suka watse cikin kwata. Ba Kawu ne ya gaya mini ba, maƙwabciyarmu ce ta gani.

A ranar na kwashe babur da tarkacen da ke zauren gidana, na share shi, na je na ce wa Kawu ya dawo nan da kayansa. Ya ƙi. Ya ce ba zai mai da gidan malami kasuwa ba. Sai da matata ta je da kanta ta durƙusa, ta ce ita ce ke buƙata, ta gaji da neman albasa kamar magani. Sannan ya yarda.

Yanzu ni ke zuwa bakin dam bayan sallar asuba in ɗauko masa kwanduna kafin in wuce makaranta. Matan unguwa suna aikowa, wasu su zo da kansu. Wata ta fara ajiye daddawarta a gefensa, wata kuma man gyaɗa a kwalabe. Zauren ba ya ɗaukar mutum biyar a tsaye, kuma idan aka yi ruwa sai an ɗaga komai.

Watannin baya, da yamma ina gyara tayar babur a ƙofar gida, sai ga mai gadin filaza ya zo, ya cire hular aikinsa ya riƙe a hannu. Matarsa ce ta aiko shi kayan miya. Na miƙe tsaye na ce masa ya koma kantinsu ya saya.

Kawu ya ce, "Malam, zauna. Gidanka ne, amma kayana ne."

Ya kasa masa tumatir da attarugu, ya ƙara masa albasa biyu gyara, ya tambaye shi lafiyar iyali. Mutumin ya karɓa kansa a ƙasa, ya yi godiya ya tafi. Na ce wa Kawu wannan ne fa ya zubar masa da kaya.

Ya ce, "Na san shi. Shi ma aiko shi aka yi, kamar yadda aka aiko ka."

Na koma kan tayata. Har aka kira magariba ban iya mai da ita ba.