Akuya a Cikin Karatun Malam

A shekarun da maganar shari'a ta cika bakin kowa a Kano, ni ma na samu nawa abin wa'azin, sai dai nawa bai shafi giya ko caca ba. Ina koyarwa a wata sakandare a Rano, na sayo tsohuwar kwamfutar tebur 'yar gwanjo daga birni, na ɗora mata manhajar nan ta kyauta da ake raba wa kowa, mai alamar wani tsuntsu mai tumbi. Daga ranar na hana abokan aikina sakat. Duk wanda na gani da faifan manhajar da aka kwafa a kasuwa sai na ce, "Malam, kayan sata ne fa a injinka. Tawa kyauta ce, halal ce." Har suka koma kirana limamin kwamfuta. Ni kuwa sai wani fankama nake, ban gane tsiya suke yi mini ba.

Mahaifinmu, wanda kowa har Inna ke kira Malam, ya rasu a garinmu Kahu kafin wannan zamani. Bai bar hoto ba, don bai yarda da hoto ba. Abin da ya bari kaset ne guda ɗaya, wanda ya ɗauki kansa yana tilawa a ɗakinsa wata rana da hantsi. Inna ta yi ta saurarensa a rediyonta har ranar da rediyon ya tauna zaren. Ta naɗe kaset ɗin a ɗankwali ta aiko mini, tunda an ce mata ɗanta ya san injuna. Na warware zaren a hankali, na liƙe inda ya tsinke, na naɗe shi da biro, na jona waya na juye shi cikin kwamfuta. Yana kaiwa ƙarshe ya sake tsinkewa, wannan karon ya dagargaje yadda ba mai iya haɗa shi. Ke nan muryar Malam ba ta saura ko'ina a duniya sai cikin akwatin da ke kan teburina.

Da na tsaya a nan da an zauna lafiya. Amma ina, gwani ya samu aiki. Na zauna na share shuuu ɗin da ke bayan muryar, na cire carar zakara, na cire dakan maƙwabta, na cire tarin Malam. A tsakiya akwai wurin da ya katse karatu saboda akuya ta shigo tana ɓarna. Can sai na ji ya kira Inna da ainihin sunanta, abin da mu 'ya'yansa ba mu taɓa ji a bakinsa ba, ta amsa daga tsakar gida, suka yi dariya su biyu. Kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki. Na yanke wurin gaba ɗaya, har ina ganin na rufa wa iyayena asiri. Na adana gyararren, na jefar da na asalin, na aika wa Inna ta zo ranar Juma'a ta ji Malam tas, kamar a gidan rediyo.

Ana cikin haka wani ɗan akwati ya ɓullo a fuskar kwamfutar, wai akwai sabuntawa, ko ina so? To ni akwai ni da wata cuta, ba na iya ganin wannan tambaya in ƙyale. Ba abin da ke damun injin, lafiyarsa ƙalau, amma na danna. Na rataye ɗan modem ɗina a taga inda sabis ya fi kamawa, na yi ta zuba wa janareta mai, abu yana tafiya kamar hawainiya. Da ya gama na kashe na kunna. Fuska ta fito fes, launi sabo, har agogon ya canza kama. Na buɗe karatun Malam. Ga layin yana tafiya, alamar ana karatu, amma ko ƙis. An je neman ƙiba an samo rama.

Na fara da zargin sifiku. Na jona su a rediyon matata, suka yi magana rau. Sai na koma zargin matar.

"Ko kin goge kwamfutar da jiƙaƙƙen tsumma?"

"Ni da ka hana ni ko jingina tsintsiya a kusa da ita?" in ji ta. "Ka tambayi yatsanka."

Ban tambayi yatsana ba. Na ɗauko sukundireba na kwance murfin akwatin. Na tarar da yanar gizo da busasshen kyankyaso, na ce yauwa, ga ɓarawon. Na share, na zaro katin sauti na hure shi, na goge haƙoransa da magogin fensir, na mayar. Shiru. Na shiga mota har birni na samo wani katin na hannu, na dawo na cusa. Wannan karon injin ma ƙin tashi ya yi, sai wani ƙiii ƙiii da yake yi daga ciki. Wallahi sai da na ɗan ji sanyi a raina, don shi ne sautin farko da ya fitar tun da na danna abin nan. Na cire, na mayar da tsohon.

Akwai zaure a intanet inda masu amfani da manhajar ke taimakon juna. Na rubuta musu doguwar wasiƙa da Turancina na ranar sallah, na lissafa duk abin da na gwada. Wani bawan Allah daga wata ƙasa ya amsa da layi ɗaya: ka duba ko sabuntawar ta toshe bakin sautin ne kawai, takan yi haka. Raina ya ɓaci. Ni za a tambaya ko na duba wannan? Ni da na kwance inji har hanjinsa? Na rufe shafin ban ko gode masa ba.

A ɗakin malamai kuwa labari ya riga ni isa. "Liman, ashe halal ɗin bebiya ce?" Wani ya miƙo mini faifansa na kasuwa, ya ce in goge komai in ɗora tasu in huta. Na ƙi. Na ce masa aƙida ce. Gaskiyar ita ce tsoro nake kada in taɓa wani abu muryar ta tafi gaba ɗaya, don a lokacin ban ma tabbata tana nan ba. Abinci ya daina yi mini daɗi. Ina tuna Inna tana naɗe kaset a ɗankwali sai in ture kwanon.

Juma'a ta zo, Inna ta iso daga Kahu da ƙullin daddawa da kuka. Ni ne ɗan farinta, ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. Bayan mun sauko daga masallaci ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a gaban teburin, ta gyara mayafi ta zauna tana fuskantar kwamfutar. Matata ta tsaya a bakin ƙofa. Na tayar da janareta, na zauna ina danne-danne ina gumi, ina cewa injin ne ke ɗumama. Dabara ta ƙare mini, ba abin da ya rage sai shawarar mutumin da ya raina ni. Na buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, na kira ma'aunin sauti. Ga shi nan ƙuru-ƙuru, an sa masa alamar toshewa a ƙasa. Harafi ɗaya na danna.

Da yake na ƙure duk wani abin ƙara murya a kwanakin wahalata, Malam ya fito da ƙarfin da sai da kajin gidan suka watse. Na rage da sauri. Inna ta sunkuyar da kai, ɗakin ya yi tsit sai karatu. Ni kuwa girmana ya dawo, har na harɗe ƙafa ina satar kallon matata, ta ga aikin maza.

Da aka wuce tsakiya Inna ta ɗago.

"Ina akuyar?"

"Na cire ta, Inna. Gyarawa na yi."

"Wa ya ce maka ta lalace?" Ta kalli kwamfutar. "Karatu ai ko yanzu na fita zan ji ana yi." Ta fara laluben takalmanta. "Ba ka kyauta ba."

Shekara guda ina tallar kyauta a Rano, ban taɓa jin nauyin kalmar ba sai a bakinta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai matata ta ce daga bakin ƙofa, "Kai da ba ka taɓa zubar da shara ba tunda aka kawo ni gidan nan? Duba mana."

Gori ta yi mini, amma gaskiya ta faɗa. Kwamfuta ma tana da kwandon shararta, inda abin da aka jefar ke zama har a zubar, ni kuma ƙyuya ba ta taɓa barina na zubar ba. Na buɗe. Na asalin yana nan a ƙasan tarkace. Na dawo da shi na kunna.

Shuuu ɗin ya dawo, zakara ya yi cara, Malam ya yi tarinsa. Inna ta saki takalmin. Da aka kusa wurin, matata ta jawo hannun rigata, muka fita tsakar gida muka tsaya kusa da janareta, inda ƙararsa ba za ta bari mu ji ba. Mun daɗe a tsaye. Can muka ga labule ya motsa, Inna ta leƙo idanunta jajur, ba ta kalle ni ba.

"Kai, wannan. Zo ka mayar mini da shi baya, daga inda akuyar ta shigo."