Uwar Kwalabe da Maganin da Ya Ruɓe

Bakwai saura kwata, kafin mai gadi ya gama shayinsa, ta riga ta shiga ɗakin gwaji na gidan ruwa. Sai ta rataye jaka a ƙusa, ta jera kwalabe shida a tebur, ta cika su da ruwan kogin da Dogo mai haɗa magani ya ɗebo mata, ja wur kamar an dama ƙasa. Ta ɗiga wa kowace kwalba magani, wannan kaɗan, waccan fiye, ta juya, ta jawo kujera ta zuba musu ido. Shekara talatin da ɗaya tana wannan. Shi ya sa duk gidan ba mai kiran ainihin sunanta, Uwar Kwalabe ake ce mata, ita ma amsawa take.

To me take kallo haka? Dattin ruwa ƙanana ne, ba su da nauyin da za su nutse, ko kwana nawa aka bar su. Maganin kuwa kamar dogon zare yake wanda ido ba ya gani. Yana kama su, ya ɗaure su curi-curi, su yi nauyi su kwanta a ƙasa, ruwa ya washe. Wani da ya gani sau biyu ya ƙoshi. Ita kam tambaya ce ta hana ta sakat: in magani ya gama aikinsa, ina yake zuwa?

Ramin laka yake zuwa, can ƙarshen fili. Farin garin maganin da ake sayowa daga kamfani dangin roba ne, ba ya ruɓewa da wuri. Da ta kai wa Injiniya, shugaban gidan, maganar, sai ya ce, “Malama, ruwa ya fita tas ko bai fita ba?”

“Ya fita, ranka ya daɗe.”

“To sauran kuma tsakaninsa da laka.”

Wai a gaya wa wannan mata haka! Shekara goma sha ɗaya ta yi tana neman maganin da zai kama datti, ya gama, sannan ya ruɓe ya koma ƙasa. Ta gwada ɓawon rogo, ta gwada ƙwayar zogale, ta zo ta tsaya a kan yauƙin kuɓewa. 'Yarta ta taɓa tare ta a ƙofar kicin.

“Mama, ina injin markaɗenmu?”

“Yana wurin aiki.”

“Au, shi ma ya samu aiki? Allah ya sa ana ba shi hutu.”

Saura wata biyu ta yi ritaya, Injiniya ya ba ta ƙaramin tanki ɗaya da rana ɗaya. In ya yi, a ci gaba. In bai yi ba, ta tattara littattafanta a kwali ta tafi da su gida, magana ta mutu.

Ranar Juma'a aka zuba. Minti ashirin, ruwa yana nan ja. Minti arba'in, ko gezau. Injiniya ya fara duba agogo. Ita da bakinta ta ce ta tsorata, don ta ga shekara goma sha ɗaya na shirin bin ruwa. Amma ko a cikin tsoron, tambayar ba ta sake ta ba: abin da ya yi sau ɗari a kwalba, me ya hana shi a tanki? Ruwa ba ya tsami banza. Ta nufi duron magani ta ɗaga murfi, wani wari ya buge ta har ta ja da baya.

“Dogo, yaushe ka haɗa wannan?”

“Tun Litinin, Inna. Na cika duro yadda muka saba, na ce in hutar da ke.”

Garin gyaran gira! Dogo ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa, sai ya ji tana dariya.

“Ranka ya daɗe, don Allah zo ka sansana.”

Injiniya ya leƙa, ya toshe hanci. “Subhanallahi! Ai ya ruɓe.”

“Abin da nake nema ke nan. Abin da ya ruɓe a duro cikin kwana huɗu, ba zai zauna mana a rami ba. Ba ni awa ɗaya.”

Ya ba ta. Ita tana markaɗe, Dogo yana tacewa, aka zuba sabo. Da kaɗan-kaɗan curin datti ya fara sauka. Akwai matakalar ƙarfe a jikin tankin, Dogo ya tsaya yana ƙirga hawan da ke bayyana a ƙarƙashin ruwa: uku, huɗu, biyar, har bakwai. Injiniya bai yi dogon bayani ba. Ya ce tankin nata ne, a riƙa haɗawa kowace safiya.

Ke ce wadda wari bai kora ba, Uwar Kwalabe. Ke ce kika ga kuskuren ƙaramin ma'aikaci, ba ki kunyata shi ba, kika miƙa masa littattafanki. Tanki ɗaya ne cikin takwas, ban ce kin juya duniya ba. Amma da kin tafi da kwalin nan, da ko ɗayan babu.

Makon jiya ta ajiye aiki. Kafin ta fita, Dogo ya ja ta zuwa inda suke zuba lakar tankinta daban. Ciyawa ta tsiro a kai, kore shar. Kowa na jiran hawaye, ita kuwa ta tsuguna tana dubawa. “Dogo, me ya sa ta gefen nan ta fi tsawo?”

Mun gode, Inna, Allah ya saka da alheri, ya ba da hutu mai albarka. Mu kuma da ke buɗe famfo ba mu taɓa cewa daga ina ba, kowa a wurin aikinsa akwai wata tambaya da aka ce masa ya bari. Kada ya bari. Dogo dai ya rubuta tata a sabon shafi, kuma gobe bakwai saura kwata shi zai jera kwalaben.