Shamuwa ba ta sauka gidanmu ba bana

"Ta sauka?"

Tambayar da Baba ke yi mani ke nan kowace safiya, yana zaune gindin gawon gidanmu a Dakoro. Idanunshi sun daina gani.

Tun ina ƙarami, da bazara ta kama yakan ɗaure tsohon kwando a babban reshen gawon nan, shamuwa ta zo ta yi sheƙa ciki. Ba ya fidda iri sai ta sauka.

Bana ni na hau na ɗaure kwandon, amma a wani siririn reshe. Babban na sare shi da rani, lokacin da yunwa ta fara kashe mana awaki, na ba su ganyen. Ban faɗa mashi ba.

Ruwa ya zuba, maƙwabta suka yi shuka, kwando shiru. Da na ga ƙasa za ta bushe mana, na ce, "Baba, ta sauka jiya."

Ya shafa kafaɗar rigarshi, ya shafa tabarma.

"Shekara nawa ina zama nan tana ɓata mani riga da kashi? Yau rigata tas." Ya ɗaga fuska wajen da babban reshen yake a da. "Awakin dai sun rayu?"

"Biyu suka rayu, Baba."

"To, tafi ka yi shuka."

Kafin gero ya fidda kai muka yi jana'izarshi. Kwandon na nan iska na kaɗa shi, na kasa hawa in kwance shi.

Ku da shamuwa ta taɓa ƙaurace wa gidanku, don Allah ku faɗa mani, tana dawowa kuwa?